Taken Arzika

Duk wanda ya taɓa kai wa Sadiƙu tela ɗinki a Tawa ya san abin da ake kira zarya. Kekensa na cikin wata 'yar rumfa a bayan kasuwa, amma shi kansa sai an yi sa'a, domin rabin yininsa yana can ɗakin ɗaukar waƙa na Mohamed ɗan Damagaram, rungume da gita. In ma ka same shi a kan keken, ka lura da ƙafarsa, ba ɗinki take bi ba, kiɗa take nema. Shekarunsa talatin da huɗu, ya yi waƙoƙi sun haura ashirin, babu wadda ta taɓa tsallake unguwarsu.

Rashin suna bai dame shi kamar bakin Mohamed ba. Mutumin nan Allah ya ba shi kunne, ya kuma haɗa masa da rashin kara. Sadiƙu zai yi mako biyu yana haɗa waƙa, ya kawo ta da murnarsa, Mohamed ya ɗora abin ji a kunne, ya lumshe ido, sai ya shiga rabon gado.

"Wannan shigar gitar ta mutanen Azawak ce, a mayar musu. Lanƙwasa muryar nan kuwa Indiya ce tsaf, har ina hango mace tana ɓuya bayan itace. Amshin luguden mata ne. Nan kuma ka leƙa Kano ka ɗebo fiyano. To, Malam Sadiƙu, an gama rabo, kai ina naka kason?"

Abin haushin, ba ƙarya yake yi ba. Gitar wani Buzu direba ne ya koya masa ita a shekaru biyun da ya yi yana ɗinki a Abalak, inda ya riƙa bin mutumin zuwa wurin tende, mata na kaɗa turmin da aka rufe da fata, raƙuma na zagayawa, shi kuma ya saki baki yana kallo. Indiya tun yana ƙarami ya sha ta a gidan bidiyo har ta isa. Lugude kuwa a gindin turmin mahaifiyarsa Mariama ya tashi, don da dakau ta rene shi bayan sun baro ƙauye, har Allah ya karɓi abarsa. Duk yana son su, so na gaske. Amma in ya zauna shi kaɗai sai ya ji kansa kamar rigar da aka haɗa da ƙyallayen ƙasan rumfa, kuma wannan tunani ya hana shi sakat shekara da shekaru.

Sai wata Talata a tsakiyar bazara, zafi ya ishi kowa, yana kan hannun rigar wani alhaji, ƙafarsa ta kama wani bugu. Bugu bakwai ne. Huɗun farko suna tafe daidai, na biyar ya ɗan noƙe, ya yi jinkiri kamar ba zai zo ba, sannan biyun ƙarshe su faɗo da sauri su cike. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, har allura ta bi inda ba a aike ta ba. Ya bar rigar maƙale a keke, ya suri gita, ya tsallaka titi ko rumfar bai rufe ba.

Mohamed ya saurara sau uku. Ya cire abin jin, ya sosa gemu, ya mayar, ya sake saurarawa.

"Wannan dai ban san gidansu ba," ya ce.

Sadiƙu ya fita ya tsaya a bayan ɗakin, wurin da ake zubar da ganyen shayi, don kada Mohamed ya ga idonsa ya kawo ruwa. Daɗin da ya ji ranar nan bai ji irinsa ba ko ranar aurensa, kuma gara da matarsa Rukaiya ba ta san haka ba.

Ya ɗora wa bugun waƙar soyayya, ya sa mata suna Fiddausi, saboda sunan ya zauna daidai a kan kiɗan, ba don ya san wata Fiddausi ba. Bayanin da ya kwashe kwana huɗu yana yi a gida ke nan, yana cin tuwo da miyar da aka kaɗa da fushi. Waƙa kuwa ta tashi. Daga wayar Mohamed ta faɗa ta masu kabu-kabu, daga nan masu shayi, sai masu cajin waya suka riƙa zuba wa mutanen ƙauye ita a kati ran kasuwa. Kafin ruwan shuka ya sauka, ba a yin biki a Tawa ba a sa ta ba. 'Yan mata har rawa suka yi mata: in bugu na biyar ya noƙe, sai kowa ya sauke kafaɗar hagu, ya ɗago. Sannan aka aiko masa da takarda. Ranar Asabar bayan la'asar akwai wasa a dandalin matasa, wasu mutane za su zo daga Yamai su zaɓi mawaƙi ɗaya da za a tafi da shi babban taron mawaƙa. Kowa ya san da wace waƙa aka gayyace shi.

Ranar Laraba da hantsi wani tsoho ya tsaya a bakin rumfar. Dogo ne siriri, da rawanin da ya sha wanki, takalmansa sun yi jawur da ƙasar hanya. Bai zo da yadi ba.

"Salamu alaikum. Kai na Sadiƙu ɗan Mariama ta Kwaren Gawo?"

"Ni na, Baba. Bisimilla, ga benci."

"Ni na Isufu, makaɗin gangar noma na garinku. Ba ka gane ni, kana ƙarami kunka taso."

Kwaren Gawo ƙauye ne gaba da Takanamat. Can aka haifi Sadiƙu, amma rabonsa da shi tun yana shekara huɗu, ko hanyar ba zai iya kwatantawa da kyau ba. Ya ɗebo wa baƙon ruwa, suka gaisa, aka tambayi mutanen gida da yadda shuka ta tsiro. Tsohon ya sha, ya ajiye kofin. Sai ya miƙa yatsu biyu ya buga a kan teburin yanka: huɗu daidai, na biyar ya noƙe, biyu suka faɗo.

Gaban Sadiƙu ya faɗi. Ba don tsohon ya iya ba, ai duk unguwa an iya. A yatsun nan kiɗan ya fi zama daram, kamar tukunya a kan murhunta.

"Ina kas samo shi?" in ji Isufu.

"Cikin kaina yaz zaka, Baba. Ina bisa keken ga."

"Zakuwa dai yay yi. Ba nan anka haihe shi ba." Tsohon ya share baki da gefen rawani. "Wanga taken Arzika na. Ni niy yi shi."

Sadiƙu ya san take, wane ɗan Adar ne bai sani ba? Kiɗan da makaɗi ke yi wa mutum ɗaya, in an buga shi a wurin gayya mai shi ya san da shi ake, ya ƙara duƙawa kan hauya. Abin da bai sani ba shi ne yadda gidan su Isufu suke yin nasu. Su ba zama suke su ƙirƙira ba. Bin mutum suke a gona, kunya bayan kunya, har sai sun ɗauko tafiyarsa sun sa a ganga.

"Raƙumi ya taɓa harbin Arzika ga ƙahwar hagu shina saurayi," in ji tsohon. "In shina noma, taku huɗu lahiya lau, na biyat sai ƙahwar ta riƙe shi, shi jawo ta, shi rama da biyu. Damana ukku nib bi shi kahin in same shi. Ba a yi manomi irinai ba garinmu. Uwarka na cikin masu kai hura wurin gayya, kana goye. Can kaj ji shi."

"Shina nan da rai?"

"Shekara huɗu da rasuwatai."

Sadiƙu ya tuna kafaɗun 'yan mata suna sauka suna ɗagowa, kunya ta rufe shi. Ashe da ɗingishin mamaci gari ke ta rawa.

"Mu gidanmu," Isufu ya ci gaba, "in mai take ya rasu, sai in tahi bakin gonatai in buga shi sau guda, in kihe ganga. Shi ke nan, an ruhe shi. Hannu ba ya koma taɓa shi sai ran da ɗan mamacin yat tsaya cikin gonar da hauyar ubanai. Ran nan a ka buɗe shi, gari dut shi ji, a san magaji ya zaka. To, Arzika ɗa guda gare shi namiji, Mumuni. Shekara goma sha ɗaya da tahiyatai Abija, can bakin teku. Shidda ke nan ko waya babu."

Wata mota ta wuce, tsohon ya ci gaba.

"Sati ukku da sunka wuce anka yi biki, samari sunka yi hayar sono, manyan lasifikan nan, sunka aza waƙarka. Hajaratu, matar Arzika, tana bakin rijiya. Tas saki guga, tar ruga gona, ba lulluɓi, ba takalmi, tana kiran Mumuni. Tsohuwa da gudu, Sadiƙu. Gari dut na kallo. Tat tarad da gona ba kowa sai kurciyoyi."

Da Sadiƙu ya sunkuyar da kai a nan, da an ce ɗan halak ne. Amma abu ɗaya tak da ya taɓa kira nasa ake shirin ƙwacewa, ga Asabar saura kwana uku, sai zuciya ta ɗebe shi.

"Baba, ni ban sata ba! Kiɗi ai iska na, kowa shaƙa shi ka yi. Na ɗauki na Buzaye, na ɗauki na Indiya, ba wanda yab biyo ni rumhwa."

"Su ba su da Hajaratu," in ji tsohon, ko muryarsa bai ɗaga ba. "Ban ce ka sata ba, kuma ba ƙara nik kawo ba. Na zaka ka sani."

"To ka bar min shi zuwa Asabar. Asabar kaɗai."

"Ba nawa ba na, balle in bar ma. Na ba Arzika tun kana goye. In akwai mai magana bisa shi, ita ta." Ya miƙe ya gyara rawani, ya ce motar ƙauye ba ta jiran kowa.

Ranar Alhamis Sadiƙu bai yi wa kowa amfani ba. Ya ɗinka aljihu a bayan riga ya farke. Ya je wurin Mohamed, ya dawo, ya zauna, ya tashi, ya koma. Mohamed ya fara da dariya, wai ashe gidan da bai sani ba yana nan bayan Takanamat, amma da ya ga fuskar abokinsa sai ya kunna na'ura suka hau gyara. Suka miƙar da bugu na biyar, kiɗan ya zama salam, irin wanda ake sa wa tallar sabulu a rediyo. Suka mayar da jinkirin kan na shida, Mohamed ya ce wannan kuma na 'yan kokawa ne, a mayar musu. Suka ƙara bugu, suka rage bugu. Duk inda aka taɓa ɗingishin nan sai waƙar ta mutu a hannunsu.

"Ka ji in gaya maka," in ji Mohamed. "Abin nan yana cikin waya dubu. Ko ka buga ranar Asabar ko kada ka buga, tsohuwar nan za ta ci gaba da jin sa. Me za ka rage mata? Kai kuma shekara goma sha biyar kana jiran wannan rana. Yi Asabar ɗinka."

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ƙi barinsa ya zauna. Kafin la'asar ya yanke shawara zai je Kwaren Gawo. Kada a yi masa kwalliya, ba tausayi ne ya tashe shi ba, izini ya tafi nema. Har jawabi ya tsara: zai ambaci Arzika a duk inda ya hau dandamali, sunan mijinta zai kai Yamai, manomin da ba a yi irinsa ba zai samu yabon da ya cancanta. Ya maimaita jawabin sau da yawa har shi kansa ya fara yarda da shi.

Da safiyar Juma'a ya ari moton Mohamed, wato babur ɗinsa, ya ɗaure zane sabon ɗinki da sukari da shayi a baya, ya kama hanya. Da ya bar kwalta sai jar ƙasa da tsakuwa, tudu ya miƙe, duwatsu baƙaƙe zube ko'ina, sannan hanya ta gangara kwari inda hatsi ya kai idon sawu, mutane sun duƙa suna noman farko. Sau biyu yana ɓata hanya. Sau ɗaya ya kama kansa yana buga abin nan da babban yatsa a kan kan moto, ya janye hannun kamar ya taɓa wuta.

Da ya isa ƙauyen, Isufu ya raka shi ƙofar gidan Hajaratu, ya yi masa sallama, ya juya abinsa. Hajaratu na zaune a inuwar zana da faifai a cinya tana tsince waken iri. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, da ido mai kaifi. Ta dube shi sama da ƙasa, sai ta tuntsire da dariya.

"Ɗan Mariama! Kai na mai kukan nan? In uwarka ta aje ka gindin gawo, ko ganga ba a ji sai kai. Sai an taɓa taken maigidana kaka yin shiru. Zamna, zamna. Allah shi ji ƙan Mariama."

Bai yi shirin dariya ba, ta rikita masa jawabi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tura mata tsarabar. Ta sa albarka, ta ware zanen, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce nan ya karkace, ko telolin birni ba su da ido ne.

"Inna," ya ce, "wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ban yi hushi ba. Ran nan dai na ji kunya, na kwan biyu ban hita ba. Amma yanzu an gwada min, cikin waya shi ke. Har an aza min ga kunne, na ji muryarka. Kana da murya, ba a banza ba. Uwarka in tana lugude, mu dut sai mu aje taɓare mu..."

Daga bayan danga aka ji ƙarar amalanke, da wata 'yar ƙaramar murya ta waya tana tafe da ita. Sadiƙu ya gane muryarsa. Ya gane inda waƙar ta kai. Huɗu daidai, na biyar ya noƙe.

Kafin biyun ƙarshe su faɗo Hajaratu ta miƙe. Faifan ya zame, wake ya watse. Ta nufi ƙofa da wani irin sauri da bai dace da shekarunta ba, ta dafa itacen ƙofar, ta leƙa hagu wajen hanyar gona, ta leƙa dama. Mai amalanken ya gaishe ta, ta amsa masa lafiya lau, har da tambayar jakinsa. Ta ɗan ƙara tsayawa. Sannan ta dawo a hankali, ta zauna, ta fara tsince waken daga ƙasa.

"Mi ni ka cewa? Uwarka."

Sadiƙu ya sa hannu yana taya ta tsinta.

"Inna, ai kin san waya ta."

"Na sani. Ni na sani sarai. Ƙahwahun ga na ba su sani ba." Ta hure ƙasa daga tafin hannunta. "Na gwada zamnawa. Sai in ce, in wanga karon shi na hwa? Shekara goma sha ɗaya, shi iso, a buɗe mai taken ubanai, shi ishe uwatai zamne tana tsintar wake?"

"Sau nawa a yini?"

"Ran kasuwa ba ni ƙirgawa."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce Isufu ya gaya mata akwai magana a bakinsa, ya faɗi, tana ji. Jawabin nan da ya sha maimaitawa, da Yamai da yabo da dandamali, ya neme shi ya rasa, kuma ya ji kunyar ya taɓa tsara shi.

"Ba komi, Inna. Na zaka in ce miki hannuna ba ya koma taɓa shi."

Ta dube shi jim, ta ce Allah ya yi masa albarka. Ta ƙulle masa ɗan wake a tsumma ya kai wa maiɗakinsa.

Da ya tsaya nan da labarin ya yi kyau. Amma Sadiƙu tela ne, bai saba jefar da ƙyalle ba. Tun kafin ya hau kwalta dabara ta zo masa: ai hannu ya yi wa alkawari, bai yi wa baki ba. Baitocin nasa ne, ba na Arzika ba. Zai rera Fiddausi ranar Asabar, in an zo gurbin taken sai ya ɗaga hannu daga gita, ya bar bugu bakwai ɗin wayam, ya wuce. Alkawari ya cika, Yamai ba ta kuɓuce ba. Mohamed, wanda zai riƙe masa fiyano, ya ce wannan hauka ce, waƙa da rami a tsakiya, amma ya yarda shi ma zai ɗaga nasa hannun.

Ranar Asabar dandalin ya cika har kan katanga. Rana ta yi sanyi, hadari na haɗuwa a gabas, mutanen Yamai su biyu suna gaba a kujerun roba da takardu a cinya. Mawaƙa uku suka yi suka sauka, aka tafa musu tafin ladabi. Da aka kira Sadiƙu wurin ya ɗauki ihu, ana Fiddausi, Fiddausi. Ya shiga da gitar Azawak ɗinsa, ya lanƙwasa murya, baiti na farko ya tafi sumul. Aka iso gurbin. Ya ɗaga hannu sama. Mohamed ya ɗaga nasa.

Shirun bai kai numfashi ɗaya ba. Wata mata a sahun gaba ta tafa, na kusa da ita suka kama, sai dandalin gaba ɗaya: huɗu daidai, aka noƙe, kafaɗu ɗari-ɗari suka sauka hagu, biyu suka faɗo kamar an kifar da rumfa. Ko Isufu da gangarsa bai taɓa fitar da taken nan da irin wannan ƙarfi ba. Abin da Sadiƙu bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wannan ɗan lokacin daɗi ya ji.

Sai ya ga wayoyin. Ko'ina an ɗaga su sama, ana ɗauka.

Ya kaɗa hannu a bari, suka ɗauka cewa yake a ƙara, suka ƙara. Ya saki gitar ta rataye a wuyansa, ya cafki makirfo da hannu biyu.

"Ku bari! Don Allah ku bari! Ba nawa ba na!"

"Namu na!" wani ya amsa daga kan katanga, aka kwashe da shewa. Suka ci gaba da abinsu, bakwai bayan bakwai, ba gita, ba fiyano, ba mawaƙi. Ya tsaya a kan dandamalin kamar baƙon da ya shigo bikin da ba a gayyace shi ba, har suka gaji don kansu.

A bayan dandamali babban cikin mutanen Yamai ya kama hannunsa ya ƙi saki. Ya ce sun zaga garuruwa shida ba su ga dabara irin wannan ba, mawaƙi ya ɗaga hannu jama'a su zama gangarsa. Haka suke so ya yi a Yamai, kada ya canza komai.

"Ina da waɗansu waƙoƙi," in ji Sadiƙu. "Sun hi ashirin."

"Wannan muka zo ɗauka."

Sadiƙu ya dubi takardar da ke hannun mutumin, ga sunansa an ja masa layi biyu. Yana so. Allah ya sani yana so.

"To ku ɗauki wani," ya ce.

Mohamed ya hau tattara kaya. Ya naɗe wayoyin wuta, ya sa fiyano a jaka, ya ɗaure lasifika, duk yana huci. Sai da suka gama lodi Sadiƙu ya ce yana son makullin moto gobe da sassafe.

"Ina kuma?"

"Kwaren Gawo. In hwaɗa mata da bakina kahin ta ji ga waya."

"Ba za ka riga waya ba."

"Na sani."

Mohamed ya dube shi, ya yi tsaki, ya ciro makullin ya jefa masa.

Ruwa ya sauka kafin gari ya waye. Sadiƙu ya fita bayan sallar asuba, ya yi gudun da bai kamata a yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, amma a gangaren da ke gaba da Takanamat ya tarar da kwari ya kawo, jan ruwa na tafe da karare da kumfa. Masu amalanke sun kwance jakuna sun zauna suna hira, su ba sa gaggawa. Shi ya kasa zama. Ya je bakin ruwan ya dawo, ya kafa tsinke ya ga ko yana janyewa, ya sake komawa. Sai da rana ta ɗaga sosai sannan ya tura moton ya haye, ruwa har gwiwa.

A bakin ƙauyen, wurin mai shayi, maza sun yi da'ira sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Bai tsaya ba, ba ya bukatar ya tsaya. Tun daga nesa ya ji tafin, tafin mutum ɗari-ɗari a cikin 'yar ƙaramar lasifika, ana gamawa wani ya ce a mayar baya.

Ya karya kwana ya shiga lungunsu. Hajaratu na tsaye a ƙofar gida, hannu ɗaya a kan itacen ƙofar, ɗayan fari fat da gari, da alama daga bakin turmi ta taso. Ya kashe moton a gabanta, wandonsa na ɗigar ruwa, ya buɗe baki zai gaishe ta. Ta dube shi, ta gane shi, ta gyaɗa masa kai. Sannan ta ɗan karkata don ta ga hanyar da ke bayansa.